Ranar da Na Kunna Muryar Inna a Aji

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran abin da ke kaina, da ranar da na ɗauki muryar mahaifiyata a kaset na kai ta aji don in nuna wa jama'a cewa ba ta da murya. (Na sani, kun riga kun hango inda wautar take. Ni a lokacin ban hango ba.)

Ina shekara ta biyu a jami'a ke nan, nan Sakkwato. Soja ke mulki, kuɗin mai sun shigo ƙasa, wanda bai sayi babur ba ya sayi rediyo, karatu kyauta, abinci kyauta, har kaza ake ba mu ranar Lahadi. Mu mata a ajinmu mu shida ne cikin mutum arba'in da 'yan kai, 'yar cikin gari kuwa ni kaɗai ce. To sai kai ya kumbura. In na fito daga gidanmu a Ƙofar Taramniya rungume da littattafai, sai in juya bangonsu waje don masu shago su ga Turanci. Har tabarau na saya a Sabon Gari, alhali idona garau yake, ina hango allura a ƙasa.

A shekarar aka kawo mana wata malama 'yar Indiya, muna ce mata Mai Sari a bayan idonta, saboda sari, zanen matan ƙasarsu, da take ɗaurawa. Darasinta kan matsayin mata ne a al'ummu daban-daban: abin da matan Turai suka rubuta kan 'yancinsu, abin da matan ƙasarta suka ɗauka daga ciki da abin da suka ce bai dace da su ba, matan Masar, matan kasuwa na kudancin ƙasar nan. Mace ce mai sanyin hali. Kullum tana ja mana kunne cewa kada mu ɗauko tiyar wani gari mu auna hatsinmu da ita, sai mun duba ko girmansu ɗaya. Ni wannan bai shiga kunnena ba. Abin da ya shige ni shi ne wani ra'ayi da muka karanta, cewa al'ada tana iya rufe wa mace baki har ta zaci haka Allah ya halicce ta. Na ja layi a ƙarƙashinsa sau uku, har biro ya huda takardar.

Tsakiyar zango sai ta ba mu aiki. Kowa ya je ya yi hira da mahaifiyarsa, ya rubuta abin da ya fahimta, ya zo gaban aji ya gabatar. Wanda ya samu rikoda ya ɗauko muryar ma, ya fi. Maza suka yi ta gunaguni. Ni kuwa tawa matsalar ta fi tasu, don ni 'yar fari ce.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da nake nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Inna kuma jinin Fulani ce ta wajen uwa, kunyarta ta fi ta kowa a unguwar. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta dube ni ta yi mini magana ba. Ni ce "waccan", ko "ɗiyar Kulu", don ƙanwar babana, Goggo Kulu, ita ta rene ni tun da mijinta ya rasu ta dawo gida. In Inna tana so in ci abinci sai ta dubi bango ta ce, "Tuwo na hucewa, ba a ci ba." Sai in gane da ni ake.

Na san al'ada ce. Na san haka ake yi wa kowane ɗan fari a lungunmu. Amma tunda yau ranar tonon asiri ce, bari in faɗa: abin yana ci mini rai. Ina ganin ƙannena suna kwanciya a cinyarta tana tsefe musu kai, ni ina gefe ina yi kamar ban gani ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don dariya za a yi mini. Da na ci karo da ra'ayin nan na littafi, sai na samu babbar riga ta Turanci na sa wa tsohon haushina. So nake in tsaya gaban mutane a tabbatar mini cewa abin da ke tsakanina da Inna ba daidai ba ne, kuma ba laifina ba ne.

Babana fataucin shanu yake yi zuwa Legas, kuma a wata tafiya ya sayo rikoda wadda yake lulluɓewa da ƙyalle mai ado kamar amarya. Da ƙyar ya ba ni aro. Ranar wata Asabar da hantsi na ɗauko kujera na dasa a tsakar gida inda Inna ke tsince shinkafa, na gyara tabarau, na danna, na karanto tambaya ta farko. Inna ta miƙe tsam, ta dubi sama, ta ce, "Kajin nan ko ruwa ba a ba su ba." Ta shige bayan ɗaki.

Kun san abin da na yi? Murna na yi. Na ce ga hujja ta faɗo mini a hannu. A ranar na zauna na rubuta takardata tun daga farko har ƙarshe, shafi goma sha biyu, na sa mata suna "Matar da Aka Rufe wa Baki". Wato na gama bayanin hirar tun ba a yi hirar ba.

Sai dai ina son kaset, don in fi kowa. Sai na je wa Goggo Kulu. Ita da Inna abokan wasa ne, matar wa da ƙanwar miji, in suka haɗu har maƙwabta sai sun ji su. Goggo ba ta yi boko ba, don haka na haddace mata tambayoyi biyar kamar ana biya wa yaro allo, na nuna mata jan maɓallin da za ta danna.

Ta ce, "Wato ni za ki mayar 'yar jarida da tsufana."

Na ce, "Goggo, ko ba ta ce komai ba ki bar shi ya yi ta ɗauka. Shirun ma ina so."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta karɓa.

Safiyar ranar da zan gabatar ta miƙo mini rikodar ina ɗaura ɗankwali. Na ce, "Ta yi magana?" Ta ce, "Kaɗan-kaɗan. Ki saurara ke kaɗai, kin ji ko?" Na ji "kaɗan-kaɗan" na yar da sauran a ƙofar ɗaki. Na gaya wa kaina batir ya yi sanyi, gara in adana ƙarfinsa sai aji. (Ƙarya ce. Gaskiyar ita ce ban zaci akwai abin da ke cikin kaset ɗin da ban riga na sani ba.)

Kafin ni wata Bayarabiya ce ta yi bayanin uwarta mai sayar da atamfa, aka tafa mata. Sai aka kira ni. Na fito ina taku ɗai-ɗai, na ajiye rikoda a tebur, na yi minti goma ina zuba Turanci. Na ce ga mace wadda al'ada ta hana ta ko da kiran sunan 'yarta. Na ce ba ta da ra'ayi a gidanta, ba ta san ma ana da ra'ayi ba. Na ga wasu 'yan ajin Hausawa suna kallon juna, na ɗauka burge su na yi. Na rufe da cewa, "Yanzu za ku ji da kunnenku yadda shiru yake." Mai Sari ta ce tunda ba ta jin Hausa, in riƙa tsayarwa ina fassara mata. Na ce ai ba za a samu abin fassarawa da yawa ba. Na danna.

Aka ji ƙara, aka ji zakara, sai muryar Goggo: "To, ga jan idon ya buɗe. Wai mai takarda ta ce a tambaye ki, maza sun danne ki?"

Sai dariyar Inna ta fito daga rikodar ta cika ajin, dariya mai ƙarfi har da tari, wadda ban taɓa jin ta yi ta kusa da ni ba.

"Wa zai danne ni? Wan naki? Mutumin da ba shi sayen sa sai ya jawo shi ƙofar zaure na leƙa na ce mashi i ko a'a? Bara da ya ƙi jin magana ai kin ga abin da ya kwaso, saniya mai tari kamar tsohon mai taba."

Na tsayar. Na fassara sama-sama, gumi ya fara tsattsafo mini a hanci, tabarau na zamewa. Na ce wa raina wannan dai tsautsayi ne, sauran shiru ne. Na sake dannawa.

"Ita mai tambayar ma," in ji Inna, "ta zo ta kafa min kujera da gilashi kamar malamin haraji. Ɗiyar da har ta shekara tara kullum safiya sai an shanya tabarmarta bisa katanga."

Ajin ya fashe. Wani har da dukan benci. Mai Sari ta juyo tana murmushi tana jiran fassara, ita ma tana so ta yi dariyar. Na ce mahaifiyata ta ce tun ina ƙarama ni mai son tsabta ce, kullum ana shanya mini shimfiɗa.

Akwai wani Bakano da ke zama a baya, Sani, wanda tun farkon shekara muke takun saƙa da shi kan wa ya fi wani Turanci. Ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malama, fassarar ba ta cika ba." Ya miƙe ya cika ta. Wallahi ban taɓa jin ya yi Turanci mai kyau irin na ranar ba.

Daga nan Inna ta samu hanya. Ta ba da labarin ranar da ɗan akuya ya kore ni na hau turmi ina kiran Goggo. Ta ce tuwona in aka jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Ta ce tun da na shiga jami'a ba na cewa "ina kwana" sai da hanci. Goggo na gefe tana zuga ta, "Faɗa dai, faɗa." Sani ya zama tafinta ba tare da an naɗa shi ba. Na kai hannu zan kashe, Mai Sari ta ce a hankali, "Bar shi. Kin ce za mu ji shiru, bari mu ji shi har ƙarshe." Ba da mugunta ta faɗa ba, amma da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Sai Goggo ta zo tambaya ta huɗu: "Wai akwai abin da kika so anka hana ki?"

Nan ne kaset ya yi shirun da nake nema. Ana jin tsintsiya daga nesa. Da Inna ta dawo, muryarta ta sauka.

"Akwai. Karatu. Shekarar da anka buɗe ajin manya na mata gidan mai unguwa, na so in tai. Mazan gidan ga sunka ce matansu ba su zuwa. Na haƙura, amma ban mance ba. Har yau in wanki ya aiko takarda daga Legas, sai na nemi wani ya karanta min maganar mijina. Shi ya sa ranar da waccan ta ƙare firamare sunka taru zaure sunka ce boko ya isa hakanan, ban ce musu komi ba. Na ɗaure kayana na yi gidanmu. Wata biyu. Biko uku anka yi. Na ce ba ni komowa sai na ga akwatin makarantarta da idona."

Goggo ta ce, "Mu kuwa munka ce mata tsohuwarki ce ba lafiya."

"To mi za a ce mata?"

Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa watannin nan biyu suka dawo mini. Na tuna yadda na yi ta jin haushi, ina cewa a raina ga shi zan tafi makarantar kwana amma uwata ta tafi jinya ta bar ni. Na tuna ta dawo ana gobe zan tafi, ta wuce akwatina a tsakar gida, ta ɗan taɓa murfinsa da yatsa, ta shige ɗaki ba ta dube ni ba. Shekara bakwai ina riƙe da wannan a matsayin shaidar ba ta damu da ni ba.

Kaset bai ƙare ba. Inna ta ce, "Kulu, abin ga na ɗauka har yanzu?"

"Yana ɗauka."

"To bar shi. Ai ita za ta ji, ita kaɗai. In ta taho da la'asar da littattafan nan nata, ni kan tsaya bayan ƙyaure in hango ta tun daga bakin lungu. Kafin ta shigo in koma madafa. Shi ke nan. Kashe shi hakanan."

Aka ji ƙarar maɓalli.

Mai Sari ta dube ni tana jiran fassara. Na cire tabarau, na tsaya gaban mutum arba'in ina kuka, ba irin kukan 'yan boko na share gefen ido da hankici ba, kuka sosai har da majina. Kunya biyu ta haɗe mini. Ga ta tabarma, wadda za a yi dariya a manta. Ga kuma babbar, cewa matar da ta yi shekara ashirin tana ɓoye wannan magana ta samu hanya ɗaya tak ta gaya mini ni kaɗai, ni kuma na kwashe ta na baza a kasuwa.

Sani ne ya miƙe. Ya fassara zancen ajin manya da na yaji, a hankali, ba ƙari. Da ya zo kan maganar ƙyaure sai ya tsaya ya ce, "Malama, sauran na cikin gida ne." Ya zauna. Tun daga ranar na daina gasar Turanci da shi.

Bayan an tashi Mai Sari ta tsayar da ni a baranda. Na zaci faɗuwa za ta ce na yi. Sai ta ce littattafan ba su yi ƙarya ba, ga shi an hana mahaifiyata abin da ta so, kuma da bakinta ta faɗa. Amma ta ce takardata ta yi bayanin wata mata ce da ba ta cikin kaset ɗin. Ta gaya mini a garinsu ma uwarta ba ta taɓa kiran sunan ubanta ba har ya mutu, baƙi suna ganin tsoro ne, alhali in ta yi gyaran murya gidan kaf sai ya nutsu. Ta ba ni mako biyu in sake rubutawa, ta ce wannan karon in fara da saurare.

Da la'asar na doshi gida. Da na shigo bakin lungu ban iya ɗaga kai na dubi ƙyauren ba. Na samu Goggo a tsakar gida, Inna tana tankaɗe a ƙofar madafa ta ba mu baya. Na durƙusa gaban Goggo na faɗa mata abin da na yi, da ƙarfi yadda za a ji.

Goggo ta riƙe haɓa. "Ban ce maki ke kaɗai ba?"

Rariya ta tsaya. Inna ba ta juyo ba. Ta ce, "Kulu, tambaye ta, mutum nawa sunka ji."

Na ce, "Sun fi arba'in."

"Har da maza?"

"Su suka fi yawa."

Har na fara shirin wani kukan. Sai rariya ta ci gaba. Ta ce, "Da na san taro za a kai ni, da ban bar zancen abin da ta yi wa zanen Sallarta ba." Goggo ta faɗi gefe tana dariya. Na ga kafaɗun Inna ma suna motsi.

Na sake takardar, na ci, ba da wani babban maki ba. Sunan "Mai Tabarma" kuwa ya bi ni har na gama jami'a, kuma har yau in na haɗu da ɗan ajinmu a wajen biki da shi yake gaishe ni, gaban jikokina.

Amma a hutun shekarar na sayo allon makaranta da alli, na jingina shi a jikin rumbu, na sanar da ƙarfi cewa zan koya wa Goggo Kulu karatun boko kullum bayan la'asar. Goggo ta ce ita mi za ta yi da boko, na taka mata ƙafa, ta gane. Inna kuma sai ya zamana duk aikinta na la'asar a kusa da rumbu yake faɗowa. Yau tsinkar zogale, gobe ɓarar gyaɗa, ta ba allon gefe kamar ba ruwanta.

Mun yi kusan wata biyu a haka. Wata rana na rubuta "saniya" na ce, "Wa zai karanta mini wannan?" Goggo ta ƙura ido, ta ce sa, ta ce si, ta tsaya tana susar kai. Sai daga wajen kwaryar gyaɗa aka ce, "Saniya ce. Ke dai Kulu kanki da tauri."

Da Goggo take magana, ba da ni ba. Amma ni na yi tambayar, kuma ita ta amsa. Na juya na goge allon a hankali don kada su ga fuskata, na rubuta wata kalmar.

Yanzu ni ma malama ce, kuma duk ɗalibin da ya zo mini da takarda ya ce wasu mata ba su da ta cewa, tambayar farko da nake masa ita ce ko ya zauna ya ji su. Ta biyu kuma, in ya ɗauko muryar uwarsa, don Allah ya fara saurara a ɗakinsa shi kaɗai, don ita ta san ranar da ya daina jiƙa tabarma.